Gidan gwanjo ko cinikin sulhu: Wanne ya fi wa mai neman gida a Rogo da Ƙaraye?

Da wuya a samu ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa ɗan asalin Rogo ko Ƙaraye da ke zaune a birnin Kano ko Zariya ko Kaduna wanda ba ya da burin mallakar gida a mahaifarsa. Nan zai riƙa sauka lokacin sallah ko biki ko ta'aziyya, nan kuma zai koma ranar da aiki ya ƙare ko ƙarfi ya tafi.

Sai dai tun da farashin buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon shekarar 2024, rodi da kwanon rufi da ladan magina suka bi sahu, gina sabon gida ya gagari mafi yawan masu albashi. Wannan ya sa hankali ya koma kan dillalai, musamman idan suka zo da labarin gidan da bashi ya ci, wanda za a rabu da shi da araha.

Irin wannan gida iri biyu ne, duk da cewa dillali ba kasafai yake bambance su ba. Akwai wanda banki ko kotu ta karɓe daga hannun mai shi, aka sa shi a gwanjo ko yana so ko ba ya so. Akwai kuma wanda mai shi ya amince ya sayar da kansa tun kafin a kai ga haka, bisa yarjejeniya da mai binsa bashi, ko da kuɗin da za a samu ba zai kai yawan bashin ba. Na farko ya fi araha, na biyu ya fi cin lokaci. Amma abin da ya kamata mai saye ya fi dubawa shi ne wane ne ya sa hannu a cinikin, wane ne kuma bai sa ba, domin wanda bai sa hannu ba shi ne zai dawo gobe da lauya.

Abin da ya sa batun ya taso yanzu

A farkon shekarar 2022, ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya, CBN, yana kan kashi 11.5 cikin 100. Zuwa watan Nuwamban 2024 ya kai kashi 27.5, kafin a ɗan sassauta shi zuwa kashi 27 a watan Satumban 2025. Bankunan kasuwanci suna ɗora nasu a kan wannan, saboda haka ɗan kasuwar da ya ci bashi a wannan tsakani ya riƙa biyan ruwan da ya kai kashi 30 cikin 100 ko fiye. A daidai lokacin ne aka cire tallafin man fetur, a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024.

Su ma bankunan suna cikin matsi. A watan Maris na 2024 CBN ya umarce su da su ƙara jarinsu, ya sa musu wa'adin 31 ga Maris na 2026: naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga masu lasisin ƙasa baki ɗaya. A watan Yunin 2025 kuma ya hana bankunan da ke ɗauke da basussukan da aka yi wa sassauci raba riba ga masu hannun jari har sai sun gyara littattafansu. Bankin da ke cikin irin wannan hali ba ya da haƙurin da yake da shi a da kan wanda ya kasa biya.

Ko bankin ya mutu, bashin ba ya mutuwa. Lokacin da aka soke lasisin bankin Heritage a ranar 3 ga Yunin 2024, Hukumar Inshorar Kuɗin Ajiya, NDIC, ce ta gaji basussukan da yake bin jama'a. Haka nan hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010 domin sayen rubabbun basussukan bankuna, har yanzu tana bin fiye da naira tiriliyan huɗu, kuma kadarorin da aka jinginar su ne babban makaminta.

A yankin noma irin na Rogo da Ƙaraye akwai ƙarin dalili. Faɗuwar farashin masara da sauran hatsi a shekarar 2025, alhali taki bai sauko ba, ta bugi manoma da 'yan kasuwar da suka ci bashi suka sayi kaya suka ajiye suna jiran tsada. Idan kaya ya gaza biyan bashi, gona da gida ne ke biyo baya.

Abin da ya faru a Amurka

Ƙasar da ta fi kowa sanin waɗannan hanyoyi biyu ita ce Amurka. Bayan rushewar kasuwar gidaje da ta kai ga durƙushewar bankin Lehman Brothers a watan Satumban 2008, miliyoyin mutane sun wayi gari bashin da ke kan gidajensu ya fi darajar gidajen. A shekarar 2010 kaɗai, bankuna sun karɓe gidaje fiye da miliyan ɗaya. A nan ne hanyar sulhu ta yi tashe, har gwamnati ta fito da shiri na musamman a watan Afrilun 2010 domin ƙarfafa bankuna su yarda a sayar da gida a kan kuɗin da bai kai bashin ba. Amurkawa suna kiran wannan gajeren ciniki, saboda kuɗin ya gaza.

Masu sayen gidajen gwanjo sun ga abin da ba su zata ba. An gano cewa ma'aikatan wasu manyan bankuna suna sa hannu a dubban takardun rantsuwa ba tare da sun karanta ba. A watan Janairun 2011, kotun ƙoli ta jihar Massachusetts ta soke ƙwace wasu gidaje biyu saboda bankunan sun kasa nuna cewa jinginar tana hannunsu a lokacin da suka yi gwanjon. A watan Oktoban shekarar, kotun ta sake yanke hukunci cewa wanda ya sayi gida daga irin wannan gurɓataccen gwanjo bai mallaki komai ba, duk da ya biya kuɗinsa. A watan Fabrairun 2012, manyan bankuna biyar suka amince da biyan dala biliyan 25 domin kashe maganar.

Idan haka ta faru a ƙasar da kusan kowane gida yake da rajista, to mai saye a ƙasar da Ma'aikatar Gidaje ta Tarayya ta sha bayyana cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na filayenta ba su da rajista, shi ya fi cancanta ya yi taka-tsantsan.

Rogo: gida a ƙasa, takarda a aljihu

Ƙaramar Hukumar Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da dubu 227. Mazaɓunta goma ne, ciki har da Rogo Sabon Gari da Rogo Ruma da Fulatan da Zarewa da Beli da Zoza. Ita da Ƙaraye mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma tun watan Yulin 2024 su biyun ne suka haɗu suka zama Masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu.

A irin waɗannan garuruwa, shaidar mallakar gida ga mafi yawan mutane ita ce takardar ciniki da aka rubuta a gaban shaidu, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, ko takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, ko takardar da ƙaramar hukuma ta bayar. Kaɗan ne ke da shahadar mallaka mai sa hannun gwamna, wadda aka fi sani da C of O. Bankunan kasuwanci kuwa ita suke nema kafin su karɓi gida a matsayin jingina, sun kuma fi son gidan da ke birni, inda za su samu mai saye da wuri. Don haka ɗan kasuwa ɗan Rogo da ya ci bashin banki, galibi gidansa na Rijiyar Zaki ko Ɗorayi ko Kabuga ne yake jinginarwa.

Gidan da ke cikin Rogo ko Ƙaraye yakan faɗa kasuwar dole ne ta wasu ƙofofin. Ko dai mai shi ya ba wani attajiri takardarsa ya karɓi rance, ko abokin ciniki ya yi ƙararsa ya yi nasara kotu ta ba da umarnin a sayar, ko kuma ya rasu da bashi a kansa, dole a biya kafin a raba gado. Kowace ƙofa tana da tata doka, kuma abu na farko da mai saye zai tambaya shi ne ta wace ƙofa gidan ya fito.

Gwanjo: araha da abin da ke bayanta

Idan banki ne ke sayarwa, ikonsa ya dogara ne kan irin jinginar da ke hannunsa. Cikakkiyar jingina, wadda aka rubuta, aka samu amincewar gwamna, aka yi mata rajista, tana ba banki damar sayarwa ba tare da ya je kotu ba. A bisa tsohuwar dokar Ingila ta 1881 da jihohin Arewa suka gada, wannan dama ba ta tabbata sai wa'adin biya ya wuce, sannan an ba wanda ake bi sanarwa ya yi wata uku bai biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba, ko ya saɓa wani sharaɗi na yarjejeniyar. Takardar jinginar tana iya sauya waɗannan wa'adi. Amma idan takardar gida kawai aka ajiye wa banki ko wani mutum ba tare da cikakkiyar jingina ba, ba ya da ikon sayarwa sai da umarnin kotu. Attajirin da ya riƙe takardar wani ya kira dillali ya sayar don kawai wa'adi ya cika, ya sayar da abin da ba nasa ba ne.

Amincewar gwamna ba ƙaramin abu ba ne. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana sayarwa ko jinginar da filin da ke ƙarƙashin ikon gwamna sai da yardarsa, sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa haka banza ne. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, mai gida ya jinginar da gidansa aka kasa biyan bashin, da banki ya tashi sayarwa sai ya garzaya kotu ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba lokacin jinginar. Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya. Hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun rage kaifin wannan, amma har gobe lauyoyin waɗanda ake bi bashi suna fara duba wannan ƙofa.

Idan kuma kotu ce ke sayarwa domin biyan wanda ya yi nasara a shari'a, Dokar Zartar da Hukuncin Kotu ta shimfiɗa matakai. Sai an fara neman kayan da ake iya ɗauka, kamar mota da kayan shago, an rasa abin da zai isa, sannan a nemi izinin taɓa gida. Bayan an buga gwanjo, akwai kwana 21 da za a iya neman kotu ta soke cinikin saboda kuskure babba a yadda aka gudanar da shi. Sai wannan wa'adi ya wuce ciniki yake tabbata, kotu ta ba mai saye takardar shaida. Wanda ya kai magina ya fara rushe katanga washegarin gwanjo ya yi gaggawa.

Akwai wani sashe da ya shafi garuruwa irin Rogo kai-tsaye, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 21 na dokar 1978 ya ce filin da ke ƙarƙashin haƙƙin gargajiya, idan mai shi zai sayar ko ya jinginar, amincewar ƙaramar hukuma ake nema. Amma idan kotu ce ta ba da umarnin a sayar da shi a ƙarƙashin dokar zartar da hukunci, to amincewar gwamna ake nema. Ke nan gida ɗaya a gari ɗaya, cinikin sulhu a kansa yana iya ƙarewa a sakatariyar ƙaramar hukuma, gwanjonsa kuwa sai an dangana da Kano. Shi kansa sanin ko gidan yana cikin yankin da gwamnati ta ayyana a matsayin birni ko a'a, tambaya ce da za a kai ofishin ƙasa kafin a biya ko sisi.

Doka ba ta bar mai sayen gwanjo haka kawai ba. Tun a 1973, a shari'ar Eka-Eteh, Kotun Ƙoli ta ce araha kaɗai ba ta isa ta sa a soke ciniki ba, sai an nuna zamba ko haɗin baki ko mugun nufi. Wanda ya saya da zuciya ɗaya daga bankin da ikon sayarwarsa ya tabbata yana da kariya. Matsalar ita ce a kotu ake samun wannan kariya, kuma shari'ar ƙasa a Najeriya tana iya shafe shekara goma ko fiye idan ta bi ta Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa Kotun Ƙoli. A duk tsawon wannan lokaci mai saye ba ya iya shiga, ba ya iya sayarwa.

Ga kuma abin da doka ba ta rubuta ba. Gidan gwanjo ana sayensa ne yadda yake, sau da yawa ba tare da an shiga an duba ba, domin masu gidan suna ciki kuma ba za su buɗe ƙofa ba. Cinikin biri a sama ke nan. Fitar da iyali ko 'yan haya sai da wani umarnin kotu. A birni, mai saye yana iya zama baƙo a unguwa, ba ruwansa da kowa. A Rogo Sabon Gari kuwa, ƙanen wanda aka fitar shi ne maƙwabci, surukinsa yana sahun gaba a masallaci, 'ya'yansu suna makaranta ɗaya da na mai saye. Wannan kunya ce ke sa mutanen gari su ja da baya daga tayi, ita ce kuma ke karya farashin. Wanda ya ga araha ya kamata ya tambayi kansa dalilin da ya sa waɗanda suka fi shi sanin gidan ba su taya ba.

Cinikin sulhu: mutum uku a tabarma ɗaya

A cinikin sulhu mai gida ne ke sayarwa, shi zai buɗe ƙofa a duba ɗakuna da rufi da rijiya, shi zai sa hannu, shi zai sa ranar tashi. Ba ya da bakin dawowa gobe ya ce ba a ba shi sanarwa ba. Wannan ita ce babbar fa'idar.

Haɗarin yana wurin mutum na uku. Muddin jingina tana kan gida, tana bin gidan duk hannun da ya shiga. Wanda ya ba mai gida kuɗi bisa alƙawarin cewa zai je ya biya banki ya karɓo takarda, ya ɗora dukiyarsa a kan alƙawarin mutumin da bashi ya riga ya sha kansa. Idan kuɗin ya bi wata hanya, banki zai zo ya sayar da gidan a kan sabon mai shi, kuma doka tana bayansa.

Saboda haka cinikin ba ya inganta sai mai bin bashi yana cikinsa a rubuce. Ana buƙatar wasiƙa daga banki mai ɗauke da adadin da ya yarda zai karɓa da ranar da tayin zai ƙare. Alƙawarin baki daga manajan reshe ba ya ɗaure banki, domin yafe wani ɓangare na bashi hukunci ne da ake yankewa a hedikwata, abin da ke sa maganar ta ɗauki watanni. Kuɗin kuma a asusun bashin ake zuba shi kai-tsaye, ragowar ce ke zuwa hannun mai gida. Bayan nan banki ya miƙa ainihin takardun gida tare da takardar warware jingina, a kai ta ofishin ƙasa a yi mata rajista. Idan mai bin bashin mutum ne ba banki ba, ƙa'idar ba ta sauya ba: ya zauna a wurin, ya karɓi kuɗinsa a gaban shaidu, ya miƙa takarda, ya sa hannu cewa ba ya bin komai a kan gidan.

Shi ma mai gida yana da abin da zai kula da shi. Sayar da gida ba ya goge ragowar bashi sai an rubuta cewa an yafe. In ba haka ba, zai rasa gida kuma a ci gaba da binsa. Tun watan Agustan 2020 da CBN ya fara aiki da tsarin da ke ba banki damar cire kuɗin wanda yake bi daga asusunsa na kowane banki ta hanyar lambar BVN, ragowar bashi ba abin wasa ba ne.

Sauran tarkon guda biyu ne. Na farko, idan an riga an shigar da ƙara a kan gidan, duk wanda ya saya ana cikin shari'a ya sayi sakamakonta, ko mai daɗi ko mara daɗi. Na biyu shi ne gado. Gidaje da yawa a ƙauyuka da ƙananan garuruwa na magada ne da ba a raba ba, ɗaya daga cikinsu ne kawai ke riƙe da takarda. Bashin mutum ɗaya ba ya cin rabon 'yan uwansa mata da ke gidajen aure a Maƙarfi ko Gwarzo, kuma sa hannunsa ba ya wakiltar nasu.

Abin da fiƙihu ya tanada

Da yake yawancin rigingimun bashi da gado a wannan yanki kotunan shari'ar Musulunci suke zuwa, hukuncin mazhabar Malikiyya yana da nauyi a aikace. Jingina ba ta zama mallakar mai bin bashi don kawai wa'adi ya cika, ko da an rubuta haka a yarjejeniya. Ana sayar da ita ne da yardar mai ita ko da umarnin alƙali, a biya bashi, a mayar masa da abin da ya ragu. Malamai sun bambance wanda aka tilasta wa sayarwa bisa zalunci, wanda cinikinsa ba ya lizimtarsa, da wanda alƙali ya tilasta wa domin biyan haƙƙin da ke kansa, wanda cinikinsa ya inganta.

Gwanjo halal ne, amma an haramta sa wani ya riƙa ƙara farashi ba da niyyar saye ba domin a ruɗi jama'a. Akwai kuma haƙƙin shufu'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da damar biyan kuɗin ya karɓe. Wanda ya sayi rabon magaji ɗaya yana iya wayar gari an mayar masa da kuɗinsa. A ɗaya ɓangaren, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri, abin da ya sa sulhu ya fi samun karɓuwa a wajen malamai da dattawan gari.

Lissafin da ya kamata a yi

A ɗauka ɗan kasuwa ya ci bashin naira miliyan 10 a kan ruwan kashi 30 cikin 100, ya jinginar da gidan da ya kai miliyan 18, sannan ya kasa biyan komai. Bayan shekara ɗaya bashin ya zama miliyan 13, bayan biyu miliyan 16.9, bayan uku ya kusa miliyan 22. A nan bambancin Najeriya da Amurka yake: can darajar gida ce ta faɗi ƙasa da bashi, a nan kuwa bashi ne ke gudu ya wuce gida.

Idan aka yi sulhu a ƙarshen shekara ta biyu, aka sayar a kan miliyan 16, banki ya karɓi 15 ya yafe saura, mai gida ya fita ba bashi, da ɗan abin kama haya. Idan aka jira gwanjo a shekara ta uku aka samu miliyan 13, aka cire miliyan ɗaya na lauya da mai gwanjo da talla, banki ya samu 12, mai gida ya rasa gida kuma ana binsa kusan miliyan 10.

Ga mai saye, bambancin miliyan uku ne, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai albashi. Amma daga ciki zai biya lauya, ya gyara abin da aka lalata, ya ci gaba da biyan haya inda yake zaune. Mafi muni shi ne idan kotu ta soke gwanjon bayan shekara uku ta ce a mayar masa da kuɗinsa. Idan farashi yana tashi da kashi 25 cikin 100 a shekara, miliyan 13 ɗin da za a mayar masa ta rasa kusan rabin darajarta, gidan kuma ya koma hannun mai shi da sabon farashi. Ɗan kasuwa mai jari da yawa yana iya jure wannan, ya sayi gidaje biyar, biyu su maƙale, uku su fitar da shi. Ma'aikacin da ya haɗa kuɗin sallamarsa da na adashi da na gonar gado ya zuba a gida ɗaya ba ya da wannan dama.

Wannan ba ya nufin duk gidan gwanjo abin gudu ne. Wanda ba kowa a cikinsa, jinginarsa tana da rajista da amincewar gwamna, an yi sanarwar gwanjo a fili, bincike a ofishin ƙasa da rajistar kotu bai nuna wata ƙara ba, yana iya zama ciniki mai albarka. Sai dai irin wannan ya fi yawa a birni fiye da Rogo.

Abin da ya rage wa hukuma

Jihar Legas ta yi dokar jinginar gidaje tun 2010, Jihar Kaduna, maƙwabciyar Rogo, ta yi tata a 2017, domin a rage tsawon shari'a a kuma fayyace haƙƙin kowane ɓangare. A Kano, gwamnati ta fara aikin sabunta shahadar mallaka a ƙarshen 2024 ta hannun Ma'aikatar Ƙasa da hukumar KANGIS. Amfanin wannan aiki ga mutumin Rogo da Ƙaraye zai bayyana ne ranar da zai iya shiga sakatariyar ƙaramar hukumarsa ya biya kuɗi kaɗan a nuna masa littafin da ke ɗauke da sunan mai gida da duk wata jingina da ke kansa. Masarauta da hakimai da dagatai, waɗanda su ne ke sa hannu a yawancin takardun ciniki, suna iya fara ajiye irin wannan littafi tun kafin gwamnati ta iso.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan mai saye. Kada ya ba da kafin alƙalami sai ya ga ainihin takarda, ya san a hannun wa take da dalilin zuwanta can, ya tambayi mai unguwa da maƙwabta ko gidan na gado ne, ya sa lauya ya bincika ofishin ƙasa da kotunan yankin. La'adar dillali tana fita ne ranar da aka yi ciniki, ko gidan ya zauna ko bai zauna ba. Kuɗin lauya da na mota zuwa Kano domin bincike kaɗan ne idan aka kwatanta da farashin gida, kuma su ne kuɗin da mai saye ya fi saurin ƙyashin kashewa.